Wasiƙata ga Masu Gidan Waƙoƙi

Ba zan taɓa mantawa da bikin Rakiya a Bangi ba. Ko na so in manta, taubashiyata Dije ba za ta bari ba.

Sai da na haura arba'in da biyar na fara riƙe bik na rubutu. An buɗe mana lakkwal, wato makarantar manya, a garinmu Tabotaki, ƙarƙashin rumfar kara, na shiga da kayena da taurin kaina, benci ɗaya da Dije. Cikin shekara biyu na iya rubuta duk abin da ke bakina, kuma bakina kowa ya san shi. Ni ce shugabar ƙungiyar matan unguwarmu. Ni na kafa dokar cewa ba a sa waƙar soyayya a bikin ɗiyar 'yar ƙungiya, sai kiɗan ƙwarya da guɗa irin na iyayenmu. Rakiya ɗiyar ƙanena ce, a hannuna ta girma, har na taɓa ƙwace mata waya kwana uku don na iske ta tana lumshe ido a kan wata waƙa.

A cikin kwana ukun nan na lalace. Na ce bari in ji me wannan ɗan banzan yake faɗa wa 'ya'yan mutane (bincike ne, ku fahimce ni). Wani saurayi ne mai sanyin murya yana roƙon yarinya ta dube shi ko sau ɗaya. Na ji. Na sake sawa don in tabbatar da laifin. Ranar kasuwar Bouza sai ga ni gaban mai cajin waya ina cewa ya saka mini abin jin waƙoƙin nan a tawa wayar. Na ce masa don wa'azi ne. Allah ya yafe mini.

Abin yana da daɗi, amma abu biyu suka dame ni. Rezon garinmu, wato layin waya, ba ya barin waƙa ta kai ƙarshe. Kuma da na buɗe waya sai ga fuskar saurayin nan ƙatuwa, yana murmushi kamar ya san sirrina. Sau biyu ina kifa wayar a zane don wata ta shigo aron turmi.

Wata rana a wayar na ga wurin taurari biyar da fili a ƙasa, an rubuta da Faransanci a faɗi ra'ayi. Na ɗauka irin wasiƙar da Madam, malamarmu, ta koya mana ce, wadda za ta tafi hannun mutum ɗaya a ofis, ya karanta, ya sa a aljihu. Daga azahar har la'asar ina dangwala harafi da yatsa ɗaya. Na ba masu gidan waƙoƙin tauraro biyu, na zazzage musu cikina, na aika. Sunana bai fito ba, wasu lambobi ne mai caji ya sa a wurin.

Bayan wata huɗu aka zo biki. Da hantsi muna tsakar gida, tukwane a kan wuta, mata sun fi talatin, amarya na zaune bakin ɗaki cikin lulluɓi. Ni kuwa na riga na yi shela cewa doka tana nan ko a Bangi. Ƙawayen amarya sun yi tsuru-tsuru, ɗaya tana saka abin waƙoƙin a sabuwar wayarta, wai don yabon Annabi (ashe ba ni kaɗai na san wannan ƙaryar ba). Sai ta fashe da dariya. Ta ce cikin ra'ayoyin mutane duk Faransanci ne, amma ga wani da Hausa, kuma shi ne a sama don mutane da yawa sun danna masa babban yatsa.

Ta miƙa wa Dije. "Inna Dije, ke da ke lakkwal, karanta muna."

Dije ta goge hannu, ta nesanta wayar da fuskarta, ta fara irin karatunta na tafiyar jaki da kaya.

"Sa-la-mu alaikum... masu gidan... waƙoƙi. Aikinku na da kyau... amma ba ku da... hankali."

Ludayin da ke hannuna ya tsaya cikin miya.

"Ku yi muna... wurin ɓoye waƙa. In an buɗe... a ga Malam da rawani... ba wanga yaro ba. Ni babbar mace ce... ana tsorona. Na hana 'yan mata ji... amma ni ina ji... in ina tankaɗe."

Gida ya ɗauki shewa. Wata ta ce wagga munafuka ko 'yar wane gari ce. Na ce, "Allah shi kyauta," da ƙarfi, na ci gaba da juya miya. Babu suna, babu gari. Abin da ya rage mini kawai in riƙe bakina na minti ɗaya.

Sai Dije ta ɓata layi. Ta koma farko. Ta sake ɓatawa, ta tsallake wurin da na fi shan wahalar rubutawa, ta haɗa kan magana da wutsiyarta. Shekara biyu ina gyara wa matar nan karatu a benci. Kafin in san abin da nake yi, bakina ya riga ni.

"Ke Dije, kin tsallake! 'In ta kai inda ya ce ko sau ɗaya, sai rezo ya yanke, ni ko hawaye sun riga sun taho.' Haka anka rubuta. Wai mi kika koyo a lakkwal?"

Ban taɓa jin tafasar tukunya da kyau kamar a lokacin ba. Dije ta dubi waya, ta bi layin da yatsa, ta ɗago a hankali.

"Daidai ne, taubashiya, harafi da harafi. To amma wayar tana hannuna. Ke ina kika gani?"

Daga cikin lulluɓi muryar Rakiya ta fito, ƙasa-ƙasa. "Gwaggo, shi ya sa anka maido min wayata babu caji?"

Wata tsohuwa har ta zame daga kujera don dariya. Da abin ya lafa, Hajiya Mariyama, mataimakiyata a ƙungiya, ta share ido da bakin gyale ta ce, "Shugaba, dokar fa?" Duk suka zuba mini ido. Na san in na yi gardama, daga ranar babu mai sake jin maganata ko a kan rabon taki.

Na ajiye ludayi. Na ce, "Doka ta mutu, ni na kashe ta. Amma ku sa waƙar tun daga farko. Ban taɓa jin ƙarshenta ba."

Rezon Bangi ya riƙe. A ƙarshe yarinyar ta dube shi, ashe. Rakiya ta jawo ni cikin lulluɓinta muka ji tare, kuma babu wadda ta ce komai a kan idona.

Har yau ni ce shugaba, ko da yake Dije tana kirana Gwaggo Sau Ɗaya a gaban jama'a. Na koyi cewa kafin ka rubuta wa waya cikinka, ka tambaya ido nawa ke bayan gilashin. Kuma idan wata na karanta asirinka da kuskure, ka ƙyale ta. Kuskuren nata sutura ne.