Ranar Da Na Ciji Wuƙa A Wurma

Shekaru sun kwashe mini abubuwa da yawa daga ka, amma ba zan taɓa mantawa da wata Asabar a Wurma ba, ranar da na tsaya gaban mahaifina da taron makiyaya ina gwaguyar wuƙa kamar wanda ya samu rake.

Lokacin ba a daɗe da samun mulkin kai ba, ni kuma ban daɗe da zama malamin dabbobi a Dutsin-Ma ba. Aikina in bi rugage ina yi wa shanu allura. An ba ni keke da rigar kaki da gajeren wando da doguwar safa (wadda ta fi jelar tunkiya kwasar ƙarangiya), sai nake jin duk ƙasar Kurfi babu wayayye irina.

Mahaifina maƙeri ne a Ɗantutture. Da zan kama aiki, kwana uku ya yi yana ƙera mini wuƙa, ya kai wa baduku ya ɗinka mata jan kube mai maɗauri, irin wanda ake sawa a damtse. Ya miƙo mini ya ce, "Cikin dabbobi da igiyoyi za ka yi aiki. Kada ka fita ba ita." Na durƙusa na karɓa da hannu biyu. Ina isa Dutsin-Ma na tura ta ƙasan akwati. Rigata mai gajeren hannu ce, yaya za a ga ma'aikacin gwamnati da wuƙa a damtse kamar mafarauci?

Ba a jima ba aka tura mu kwas Katsina, na ga wata 'yar wuƙa a kanti. Ƙotarta fara, bakinta biyu, tana naɗewa ta shige cikin kanta da ƙara mai daɗi, ƙas! Na saye ta nan take. Daga ranar na zama abin tausayi. Fensir ko bai dakushe ba sai na feƙe shi. Goron da kowa ke ɓarawa da yatsa, ni sai na zaro wuƙa. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na zauna ƙofar gida na yanke faratana da ita, na bi su ƙwal har tsoka, don maƙwabta su ga kaifinta. (Ga wanda bai san irinta ba: da farce ake buɗe ta. Akwai ɗan tsagi a jikin bakin, nan ake sa farcen a ja. Ban yi wannan tunanin ba.)

Washegari muka kafa shinge a bayan garin Wurma, shanu suka taru. Hantsi ya ɗaga sai na hango wani tsoho da rigarsa ta Sallah zaune gindin tsamiya kusa da Arɗo, shugaban makiyayan wurin. Baba ne. Tun asuba ya tako da ƙafa, wai yana son ya ga ɗansa yana aiki.

Da muka tsaya hutu na je na gaishe su. Idonsa ya sauka kan damtsena, wayam.

"Tana gida, Baba, na adana ta," na yi sauri na ce.

"To, madalla," ya ce.

Da na yi shiru a nan da na tsira. Amma mata masu tallan nono sun matso, ga Arɗo yana kallona, sai bakina ya ƙwace. Na zaro 'yar wuƙata na ɗaga ta sama.

"Arɗo, ka ga wuƙar zamani. Ba kube, ba maɗauri, ba ta tsorata kowa. Irin namu na gida sai nauyi da tsatsa. Nan da shekara kaɗan ba mai ƙera su."

Na faɗi haka, gaban mutumin da ya ciyar da ni da guduma da uwar maƙera. Baba ya dai sunkuya yana gyara bakin rigarsa.

Can sai muka ji ihu. Wata tsohuwa ce, Goggo Hajjo, ta kawo karsanarta guda ɗaya tilo, wadda mijinta ya rasu ya bar mata, ta ɗaure ta jikin wata ƙirya. Wani bijimi ya yi kuka a shinge, karsanar ta firgita, ta zagaye itacen sau biyu, ta faɗi. Igiyar ta zarge mata wuya. Kafin mu isa harshenta ya fito, idanunta sun juye. Samarin duk suna can suna kokawa da bijimin. Arɗo ya kai hannu damtsensa zai zaro wuƙarsa, ni kuwa na daka tsawa:

"Kowa ya ja da baya! Aikina ne!"

Na durƙusa, na sa babban yatsa a tsagin wuƙar. Ya zame. Na sake, ya zame. Na gwada da manuni, na gwada da ƙaramin yatsa, ba farce ko na rantsuwa, ga gumi ya jiƙe mini hannu. Goggo Hajjo tana ta salati tana kiran sunan karsanar. Ban san lokacin da na kai wuƙar baki ba. Na cije ta da haƙoran gaba ina ja, ina gurnani, miyau na zuba kan kakin gwamnati. Haƙori ya ɓantare, wuƙa ba ta buɗe ba.

Sai na ji an dafa kafaɗata. Baba ne ya tsuguna a bayana, ya baza rigarsa yadda ta kare mu daga mutane, ya danna mini ƙotar tasa wuƙar cikin tafin hannu.

"Ta bayan kunne," ya ce a hankali. "Ka juya kaifin waje."

Ja ɗaya igiyar ta rabu. Karsanar ta ja wani dogon numfashi, ta yi tari, ta yi shure-shure, can ta miƙe tana layi. Goggo Hajjo ta rungume wuyanta tana kuka. Da ta natsu ta juyo ta sa mini albarka har ta gaji, ta cika mini ƙwarya da nono, sannan ta tambaye ni da zuciya ɗaya:

"Malam, waccan ƙaramar da ka sa a baki, addu'a kake tofa mata?"

Matan nan suka tuntsire. Arɗo ya rufe baki da rawani, kafaɗunsa na rawa. Na so ƙasa ta tsage. Baba ne ya amsa mata, ko murmushi bai yi ba: "Sabuwa ce, Goggo. Ba su gama sabawa da juna ba."

Da yamma na ce ya hau keke in kai shi gida, ya ƙi, sai muka taka ina tura keken. Muka yi ta tafiya har muka yi nisa. Wajen wata ƙorama ya tsaya ya miƙo hannu.

"Mu ga wagga aba taka."

Na ba shi. Ya sa baƙin farcensa mai kauri kamar ƙaho, ta buɗe ba gardama. Ya juya ta, ya kai ta kusa da ido, ya rufe, ya buɗe, ya kara a kunne ya sake rufewa. Fuskarsa ta washe kamar ta yaro.

"Kai! Wanda ya yi wagga ya san wuta," ya ce. "Dubi ɗan ƙarfen da ke riƙe bayanta. Ko ni ban iya shi ba. Bar mini ita kwana biyu, in faɗaɗa tsagin da zarto, ko da dungulmin yatsa ka buɗe ta."

Nan ne abin ya kama ni. Da faɗa ya yi mini da ya fi sauƙi.

"Baba, maganar da na yi ɗazu gaban Arɗo..."

"Ka yanke igiyar ko ba ka yanke ba?"

"Na yanke."

"To, shi na zo gani."

Ya sa wuƙar a aljihu ya wuce gaba, ni kuma na tsaya ina dube-duben sarƙar keke, wadda ba abin da ya same ta, har idona ya bushe.

Ya gyara ta kuwa, ta yi mini shekaru. Daga makon nan na koma fita da biyu, ƙaramar a aljihu don fensir da goro, babbar a damtse don ranar da abu ya ɓaci, na kuma sa tela ya ƙara wa rigunana hannu. Abin da na koya bai da yawa: duk abin da za ka yi wa mutane wa'azi a kansa, ka fara shiga ɗaki ka rufe ƙofa, ka tabbatar ka iya buɗe shi.