Ranar da Na Ƙi Hannun Lami a Majami'a

Me ya hana ni miƙa hannun nan? Na tsufa, haƙorana sun zube, har yau ban samu amsa ba. Abin da na sani shi ne ba zan manta da Lahadin nan ba har a sa ni a ƙasa. (Ban iya rubutu ba, faɗa nake ana rubutawa, kuma na ce kada a gyara mini ko ɗaya.)

A shekarar da aka canza kuɗi aka koma naira ne. Mijina Malam Audu shi ke jan sujada a 'yar majami'armu ta ciyawa, a ƙauyenmu bayan Gwaram. Burinsa ɗaya a duniya, a tura shi makarantar Littafi Mai Tsarki ya zama fasto. Ranar godiyar kaka dattawa uku suka zo daga Birnin Kudu a kan kekuna don su ji wa'azinsa su yanke shawara.

Ana gobe za su zo, akuyar maƙwabciyata Lami ta hau dutsen da na shanya wake, ta cinye rabi, ta tattake saura. Na yi magana, Lami ta ce, "To Saratu, dabba ce, in kai ta gaban alƙali?" Da wannan na kwana, da shi na tashi.

Malam ya yi wa'azi mai daɗi, ba zan ɓoye ba. Ya ce Almasihu zai dawo ya yi mulki shekara dubu, a ɗaure Shaiɗan, ba yaƙi, ba kukan uwar soja, kura da tunkiya su sha ruwa a tafki ɗaya. Dattawa suna ta gyaɗa kai. Sai ya ƙara da abin da babu wanda ya aike shi.

"Tunda shekara dubu za mu yi tare," in ji shi, "mu fara koyo yau. Duk mai ɓacin rai da wani, ya tashi ya kama hannunsa."

Lami ce ta fara tashi. Ta ratso mata tana murmushi, hannu a miƙe, kamar ita aka cuta. Ni kuwa ina riƙe da ƙwaryar gyaɗar da na kawo baiko, wato sadakar godiya ga Allah.

"Shekara dubu da Lami?" Muryata ce na ji ta cika ɗakin. "Malam, akuyarta ma za ta shiga mulkin nan? In za ta shiga, a bar ni a waje!"

Na ture hannunta. Ƙwarya ta suɓuce, gyaɗa ta watse har cikin takalman babban dattijo. (Wani tsoho ya yi dariya har ya sarƙe, Allah ya gafarta masa, ni ban gafarta ba.) Mijina yana tsaye da Littafi a buɗe, bakinsa ma a buɗe.

Dattawa ba su ci tuwon da na tuƙa musu ba. Suka ce wanda bai iya da gidansa ba, ba zai iya da ikilisiya ba. Wani aka tura.

Ina jin haushinsu har yanzu. Mutum ya yi shekaru yana taka ƙaya zuwa ƙauyuka, ku yar da shi saboda bakin matarsa? Ina jin haushin Lami da murmushinta. Shi kansa Malam ina jin haushinsa, don bai taɓa yi mini faɗa ba. Da ya zage ni da na huta. Fartanyarsa ya ɗauka ya koma gona, har ƙarfinsa ya ƙare. Wadda na fi jin haushinta kuwa ita ce mai ba ku labarin nan. Na koyi cewa son salamar shekara dubu ba wuya, ta safiya ɗaya ce ta gagare ni.

A asibitin Birnin Kudu ya cika. Ina kuka, na ce ya yafe mini makarantar da na hana shi. Ya matse yatsana.

"Saratu, bar kukan nan. Je ki gai da Lami. Can ɗin, a mulkin Almasihu, ba a yin katanga."