Kwamfutar Mamaci

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa zai kwashe min komai, da wata Asabar a Tungan Maje da na tsaya gaban malaman makaranta ina ba kwamfuta haƙuri. Ni da bakina, da rana tsaka, cikin babbar riga.

Lokacin nan ne da gwamnati ta tattara komatsanta daga Ikko ta dawo Abuja. Ma'aikatu na tasowa ɗaya bayan ɗaya, tireloli na bin hanyar Lakwaja da tebura da kabad, abin da ya yi musu nauyi kuma a yi gwanjonsa. Nan na samu abincina. Ban yi boko mai nisa ba, amma na san kaya. Da kujeru na fara, na koma tafireta, har ranar da wani mai kula da sito a Ikko ya nuna min wasu kwamfutoci jibge a lungu. Muka daidaita. Da za a loda, sai ya ware ɗaya gefe, ya rage murya.

"Oga, wannan ko nawa ka ba ni na karɓa. Ta akantanmu ce. A hanyar Lakwaja ya rasu, makon da ofishinsu ya tashi. Ba wanda ya yarda ya zauna gabanta."

Na yi wa mamacin fatan rahama, na ce a loda. A raina na ce mamaci ai ba ya bin kaya. Rabin abin da ke shagona na matattu ne da waɗanda aka sallama daga aiki, ban kuma taɓa ganin kujera ta yi magana ba.

Wadda ta sayi kwamfutocin wata Hajiya ce da ta yi ritaya daga aikin ilimi, ta buɗe makaranta a Tungan Maje saboda 'ya'yan ƙananan ma'aikata da hayar cikin gari ta fi ƙarfinsu. Mace ce mai magana ɗaya. Ta ce kwamfutar da malami bai iya ba ai akwati ce kawai, don haka duk Asabar za a riƙa koya wa malamanta da ma'aikatan ofis, kuma tana so in riƙa zuwa ko wani abu zai lalace. In kayana suka yi kyau, za ta haɗa ni da ƙawayenta masu makarantu. A garin da kowa baƙo ne, irin wannan haɗin shi ne jari. Ni kuwa na riga na kwaso wasu kwamfutocin na tara a shago da wannan fata.

"Alhaji, ka dai iya su ko?" in ji ta.

Na ce, "Haba Hajiya, ni da kwamfuta ai kifi ne da ruwa." (Abin da na iya shi ne kunnawa da kashewa. Kashewar ma zare waya nake yi daga bango.) Zancen akanta kuwa ban ɗauko shi ba. Ce mata na yi daga ofishin manya suka fito, ba a ma more su ba.

Mai koyarwar 'yar ƙanwar Hajiya ce, Hadiza, yarinya sa'ar 'yata ta fari, injiniya a wata ma'aikata. Asabar ta farko na sha kallo. Malaman da ke kaɗa yara da tsawa sun zauna tsuru-tsuru, kowa na danna madanni da yatsa ɗaya yana janyewa kamar mai taɓa garwashi. Ni kuma ina zagaye da hannu a baya, ina gyaɗa kai duk inda Hadiza ta gyaɗa.

Da azahar kowa ya fita, masu salla su yi, masu cin abinci su ci. Na ce zan tsare kaya sai sun dawo. Damina ce, hadari ya haɗo ta wajen Zuba, ɗakin ya yi duhu-duhu. Ajin shi ne na ƙarshe a ginin, bayansa kufai ne, tsohon mazaunin mutanen wurin da suka matsa gaba, babu abin da ya rage sai wata tsamiya da duwatsun murhu. Can nesa ta taga ga Dutsen Zuma da fuskar nan tasa yana leƙe. Shiru, sai gurnanin janareto.

Ina zaune sai gilashin kwamfutar kusurwa ya yi baƙi ƙirin. Sauran duk suna nan yadda aka bar su. Na san ta, don ni na yi mata alama da alli a gindi. Ta akanta ce.

Sai ga jan rubutu ya ɓullo daga gefe, yana tafiya a hankali kamar jerin tururuwa. Turancina na rasit ne, amma wannan na karanta shi tsaf. Cewa ya yi kada kowa ya taɓa, yanzu zan dawo. A ƙarshe ga sunan mutumin.

Ya wuce, ya ɓace ta ɗaya gefen. Ya sake fitowa.

Na miƙe da baya da baya, ƙuguna ya bugi teburin. Nan take rubutun ya ɗauke, gilashi ya koma yadda yake, kamar ba a yi komai ba. Na koma nesa na zauna, ko numfashin kirki ba na yi. Can an jima, ɗif, baƙi. Ga shi ya dawo. Wato in na motsa ya ɓuya, in na natsu ya fito. Jama'a, wane inji ne ya san ana kallonsa?

Na leƙa waje na yafito Ticha Danladi, malamin lissafi, mutumin Gbagyi ne, a ƙauyen da ya zama kufan nan aka haife shi. Ya shigo da kwanon doyarsa, ya dire shi a kan teburin, ya duba.

"Ina abun, Oga?"

Babu komai. Gilashi fes.

"Oga, yunwa ne yana damun ka. Zo ka ci doya."

Mai hankali da ya tambayi Hadiza. To amma in tambaye ta me? Ni kifi, in tambayi 'yar cikina yadda ake iyo? In kuma Hajiya ta ji akwai mai ita, kuma yana cewa zai dawo, ai ranar za a loda min kayana, labari ya zaga duk masu makarantun Abuja kafin in kai Zuba. Sai na yi abin da na saba yi in kaya ya zo da matsala: a gyara shi a ɓoye kafin mai saye ya gani.

Na sami wani malamina a Zuba na kwashe labari na faɗa masa. Ya shafa gemu, ya tambaye ni:

"A cikin akwatin yake, ko a gilashin?"

Na ce ina jin a akwatin yake kwana, gilashin kuma tagarsa ce.

"To, Alhaji, ni dai ban taɓa yi wa inji ba. Amma Allah ɗaya ne." Ya ba ni laya da ruwan tofi a kwalba. (Don Allah kada a ga laifin malam. Bawan Allah ya faɗi iyakar saninsa, abin da ni na kasa.)

Ranar Juma'a bayan an sauko na je makarantar na ce sabis zan yi. Na kwance akwatin da sukundireba, na rataya layar a ciki kusa da wata 'yar fanka, na mayar na ɗaure. Ina kunnawa sai ta fara wani irin nishi, ƙrrr, ƙrrr, ta yi shiru, ta sake. Gashin jikina ya tashi, amma na ji daɗi. Na ce yawwa, ta kama shi.

Washegari Hajiya ta zo da ƙawayenta biyu, masu makarantun nan, su ga horon da idonsu. Aka sa musu kujeru a gaba. Ni ma na sha babbar riga na zauna daf da kwamfutar kusurwa, kwalba a aljihu. Hajiya ta gabatar da ni a matsayin ƙwararre. Na ɗaga hannu kamar ɗan takara.

Aka tsuge da ruwa, aka rufe tagogi. Hadiza ta ce kowa ya ɗauke hannu daga injinsa, ta koma allo tana zana yadda malami zai jera makin jarrabawa ba sai ya yi ta goge-goge ba. Bayanin ya yi tsawo. Ruwa na dukan kwano, ɗaki ya yi duhu, daga kusurwa kuma ƙrrr, ƙrrr. Wata Madam mai buga tafireta a ofis, wadda tun farko take ganin kwamfuta ta zo raba ta da aikinta, ta fara waige. Ni ina kallon gilashi ta wutsiyar ido ina karanta duk abin da ya zo bakina.

Ɗif. Baƙi. Jan rubutu ya taho.

Da layar da komai! Wato ya fi ƙarfinta. Ban san lokacin da na miƙe ba, kujera ta kife.

"A'uzu billahi! Oga Akanta, don girman Allah ka yi haƙuri! Saya na yi, wallahi ba sata ba! Abeg, ga malamai, ga baƙi, ka bari a tashi!"

Ajin ya tsaya cak. Hajiya ta ce, "Alhaji, lafiya? Da wa kake?"

"Da mai ita, Hajiya! A hanyar Lakwaja ya mutu, ga shi nan yana cewa zai dawo!"

Abin da na yi mako ina ɓoyewa, ni na yi shelarsa da kaina. Madam ta ƙwala kiran Yesu ta yi ƙofa, wani malamin Arabiyya ya bi bayanta ba takalmi, ɗaya daga cikin ƙawayen Hajiya ta rungume jakarta tana salati. Na zaro kwalba na cire murfi da haƙori zan watsa, sai ji na yi an riƙe min wuyan hannu gam.

"Baba, akwai wuta a jikinta. In ka zuba, kai ne za ka bi shi, ba shi zai dawo ba."

Hadiza ce. Ta sa yatsa ɗaya, ɗaya tak, ta ɗan ture abin nan mai wutsiya da ake kira maus. Rubutu ya ɗauke.

Ta juya ga aji, ba ta ko yi murmushi ba (wannan ladabin nata ya fi dariya ciwo). Ta ce in aka bar kwamfuta ba a taɓa ba na ɗan lokaci, takan rufe fuskarta don kada gilashin ya lalace, kuma mai ita na iya rubuta abin da yake so ya riƙa wucewa. Kamar dai mai shago ne da ke gitta benci a ƙofa in zai je masallaci. Da an motsa tebur, maus ya motsa, sai ta farka.

"To nishin fa?" in ji Hajiya. Muryarta ta yi sanyi irin wanda ban so ba.

"Shi ne ni ma ban gane ba, Inna. Dama yau zan nuna musu cikin akwatin."

Na ce a bari sai an ɗauke ruwa. Ba wanda ya kula ni. Ta kashe, ta kwance, malamai suka dawo suka kewaye ta. Ta sa hannu ta zaro layata, fanka ta ci rabin zaren, ta ɗaga ta sama tana lilo.

Ka san shirun da ake yi kafin a fashe? Ticha Danladi ne ya kore shi.

"Oga, ashe shi ne ka kira ni ranan! Ni na ɗauka kakanninmu na kufai kake tsoro. To ka kwantar da hankali, su ba ya jin Turanci."

Har Madam da ke bakin ƙofa sai da ta durƙusa don dariya. Ni kuwa ina tsaye da buɗaɗɗiyar kwalba, babbar riga ta zame daga kafaɗa, ina roƙon ƙasa ta tsage.

Hajiya ba ta yi dariya ba. Ta dube ni daga hula har takalmi, ta ce, "Kifi da ruwa."

Bayan an tashi ta kira ni ofis. Ta ce kayan mamaci bai dame ta ba, ita ma gidan da take ciki na mamaci ne. Injinan kuma suna aiki. Abin da ba za ta yi ba shi ne ta haɗa ƙawayenta da mutumin da bai san abin da yake sayarwa ba. In ina son maganar ta tsaya, in ajiye babbar riga in hau benci tare da malamai har a gama horon. In na ci gwajin da za a yi musu, to.

Na hau. Tsakanin Madam da Ticha Danladi aka sa ni, ina danna madanni da yatsa ɗaya, kuma ko fitsari na tashi sai aji ya amsa, "Yanzu zan dawo!" Na ci gwajin da ƙyar. Ɗaya ƙawar Hajiya ta sayi kayana. Mai rungume jaka kuwa har ta bar Abuja ba ta yarda mun haɗa hanya ba.

Aikin farko da Hadiza ta ba ni shi ne in goge rubutun da hannuna. Ta nuna min wurin, na riƙa danna madanni, haruffan na ɓacewa ɗaya bayan ɗaya daga ƙarshe, sunan ya fara tafiya. Ana ta yi min tsiya, amma ni jikina ya yi sanyi. Bawan Allah wataƙila abinci zai fita ci ranar da ya rubuta, yana tsoron kada a taɓa masa lissafi. Ya ce yanzu zai dawo, kamar yadda dukanmu muke cewa.

Abin da na koya? Tambayar da za ka yi a gaban mutum ɗaya, in ka ƙi, za ka amsa ta a gaban aji guda, da baƙi. Tun daga ranar ba na sayar da abin da ban iya kunnawa da kashewa ta hanyar da ta dace ba. Sai dai in faɗi gaskiya: har yau in ina zaune ni kaɗai a shago, gilashin kwamfuta ya yi baƙi, nakan ɗan bugi tebur da gwiwa. Na san babu komai. Ba na dai son in ba shi lokaci.