Waken Kaka Hulda a Kantin Gilashi

"…da gajiyar hanya, amarya? Irin wannan kwalliya da sassafe, ko kin yi sabon saurayi a Kafanchan ne ban sani ba?"

"Gajiya ta bi lafiya, ɓarawon miji. Matsa can da turaren nan naka mai warin maganin sauro."

Kaka Hulda ke nan da jikanta Nathan, malamin sakandare, a ƙofar sabon kantin nan mai bangon gilashi. Tun yana tsumma take kiransa mijinta, shi kuma tun da bakinsa ya buɗe bai rage mata komai ba. Sai dai yau zolayar a baki kawai take, hankalin tsohuwar kuwa a tashe yake. Tana da wani irin waken rumfa, fari mai ratsin ja, wanda uwarta ta ƙulla mata a bakin zane ranar da aka kawo ta aure Kagoro daga Fadan Kagoma. Bara iska ta kayar da rumfar, da ƙyar ta tsira da mudu ɗaya, ta cuɗe shi da toka ta ajiye don shuka. Da hutun Ista sai ga malam ya zo da dabarar sayar wa kanti sauran wakenta. Ya ga wannan mudun cikin toka, ya ce ƙazanta ce, ya tankaɗe shi tas, ya haɗa da na sayarwa. Ba ta ankara ba sai jiya da ruwa ya sauka ta je ɗauko iri.

"Wai duk a kan wake ne kika hana ni zuwa makaranta?"

"Makarantar me? Me kake koya musu? Mutumin da bai san iri da toka ba?"

"Ni fa taimako na yi. Na ga abinci cikin datti."

"Datti yana cikin kanka. Tun ranar da ungozoma ta miƙo mini kai kana tsala ihu, na san na yi asarar miji."

"Ai ke kika nace. 'Yan mata sun yi layi, na ce a'a, bari in rufa wa tsohuwa asiri."

"Layin masu zuwa kallon kunnuwanka dai. Wuce mu shiga."

Ba su kai ga shiga ba wani dogo mai kaki, an rubuta Meshak a ƙirjinsa, ya tare ƙofa.

"Mama, sai dai a bar jaka a nan."

"Jakata? Littafin waƙa ne a ciki da goro. Me ta yi muku?"

"Doka ce, Mama. Ga lamba, in kin fito ki karɓa."

Ta juya ta dubi Nathan sama da ƙasa. "Ɗan nan, ka riƙe wannan dai, ka bar mini jakata. Shi ne mai ɗauke-ɗauke. Ka ba ni lambar, in na ga dama in dawo in karɓe shi, in ban ga dama ba ku sayar."

"Ba su da kuɗin sayena," in ji Nathan.

"Gyara za a ba da kai."

Haka dai aka raba ta da jaka, ta shiga tana tsaki. Kai, kanti! Sanyi kamar ɗakin ajiye gawa, fitilu da rana tsaka, kaya jere reras, amma babu mai ce maka sannu da zuwa, balle me za a kawo. Matar da ta yi shekara arba'in tana kasa kaya a kasuwar Kafanchan, tana kiran mai saye tun daga bakin titi, ta ga wannan ta ce a ranta lalle masu wurin nan ba yunwa ce ta fito da su ba.

Can a kanta ta uku ta hango shi. An ɗura shi a leda mai sheƙi an liƙe baki, yana zaune tsakanin taliya da gwangwanin tumatir. Ko a cikin duhu ta san ratsin nan. Ta ɗauko ledar da hannu biyu ta rungume, sai da ta ji ƙwalla ta taru mata.

"Kuka za ki yi, amarya? Ranar bikinmu ma ba ki yi ba."

"Ranar ai suma na yi da na ga ango."

Suka nufi wurin biya. Wata budurwa ce a zaune gaban kwamfuta, Stella. Ta karɓi ledar, ta juya gaba, ta juya baya, ta haska mata wani jan haske, na'urar ta yi shiru.

"Yi haƙuri, Mama, wannan ba na sayarwa ba ne."

"Na mene ne? Na ado?"

"Ba a manna masa sitika ba. Kwamfuta ba ta san shi ba."

"To gaya mata. Ki ce wake ne."

"Manaja ne kaɗai yake shigar da sabon kaya. Ya tafi kwas Kaduna, sai nan da sati uku."

"Sati uku! Yesu! Yarinya, ruwa ya sauka jiya. Nan da sati uku waken mutane ya kama sanda yana hawa." Ta kwance bakin zane. "Ga kuɗi. Faɗi abin da kike so, ba zan taya ba. Ni Hulda, yau na ce ba zan taya ba."

"A rubuta ranar nan," in ji Nathan. "Matar da take taya kuɗin baiko a coci."

"Rufe mini baki. Yarinya, karɓi."

"Ba zan iya ba, Mama. In na karɓa babu rasit, a bakin aikina."

"To in ba ku sayarwa, me ya kai shi kan kanta?"

Stella ta sunkuyar da kai. "Manaja ya ce kada a bar kanta babu kaya, ba ya kyau a ido."

Kaka Hulda ta tafa hannu, ta juya tana neman shaida a cikin masu tura keken sayayya. "Jama'a, ku zo ku ji! Ga kaya, ga mai saye, ga kuɗi, ga mai sayarwa, amma akwatin talabijin ya ce bai yarda ba. Maigida, a nan ka kawo mini wake? Gidan kallo?"

Nathan ya gyara wuyan farar rigarsa, ya matso. "Bari ki ga aikin ilimi." Ya juya harshe zuwa Turanci, ya yi ta zuba, har da ɗaga yatsa. Shi ne ya kawo waken, kuskure aka yi, yana so a mayar masa da abinsa. Stella ta bari ya gama tsaf, sannan ta amsa masa da Hausa.

"Malam, abin da ya shiga sito ba ya fita sai da sa hannun manaja."

"Ka gama?" in ji Kaka. "Turancin ke nan da aka sayar da akuyata uku aka saya maka? Ko wake ɗaya bai motsa ba."

"Ai laifinki ne. Kin tsaya kusa da ni, yarinya ta ga matata ta tsufa, ta raina ni."

"Ta dai ga miji ba ya iya ƙwato wa matarsa mudu ɗaya. Na sake ka."

"Mace ba ta saki."

"A kantin nan ma ai ba a sayarwa, ga shi an buɗe."

Mutane suka yi dariya, ita kuwa ba ta yi ba. Ta ga Stella ta miƙa hannu za ta mayar da ledar kan kanta. Tsoro ya kama ta sosai. Duk Kagoro babu mai irin nan sai ita, 'yan uwanta na Fadan Kagoma kuwa sun daɗe da komawa noman citta. Ta dafa hannun yarinyar, murya ta sauka.

"'Yata, ke 'yar ina ce?"

"Zonkwa, Mama."

"To kin san iri. Wannan ba na miya ba ne. Uwata ce ta ba ni, ita ma uwarta ta ba ta. Wannan sakaran ya tankaɗe tokar. In ya yi sati uku a leda babu toka, gari manajanku zai tarar. Daga nan shi ke nan, ya ƙare a hannuna."

Nathan ya sunkuyar da kai.

Stella ta dubi ƙofa inda Meshak yake tsaye, ta dubi ledar. "Mama, abu ɗaya ne aka yarda in yi ba da manaja ba. In kaya ya lalace, ni nake zubarwa." Ta tura mata ledar a hankali. "Idona ba ya gani sosai. Duba mini da kyau, ko akwai ƙwaro a ciki?"

Tsohuwar da take cewa ba ta ganin ramin allura ta ɗaga leda sama saitin fitila, ta girgiza, ta karkata. Sai ga shi kuwa, ƙwaya ɗaya da ɗan huji, da wani ɗan baƙin ƙwaro yana tafiyarsa a hankali kamar shi ya biya kuɗin haya.

"Ga shi! Ga ɗan albarka!"

"Kash, ya lalace," in ji Stella da ƙarfi, yadda kowa zai ji. "Meshak, zo ka shaida, za a zubar."

"To miƙo mini," in ji Kaka.

"Ba a ba kwastoma lalataccen kaya a hannu, Mama. Doka ce. Sai dai a jefa a bola, can bayan kanti. Abin da ya faru bayan nan, kwamfuta ba ta sani ba."

"Kun ji ko? Da kuɗi an hana ni, a bola an yarda. Ubangiji, ka bar ni da rai in ga ƙarshen wannan wayewa."

Suka karɓi jaka suka zagaya baya. Bolar wata ƙatuwar ganga ce da ta kai ƙirjin mutum, cike da ruɓaɓɓen kabeji da fasassun ƙwai. Meshak ya ɗaga ledar ya sake ta a tsakiya, ya juya abinsa kamar bai san su ba. 'Yan acaɓa da ke fakewa a inuwar mangwaro suka gyara zama.

"Bismilla, maigida."

"Ni? Da wannan rigar? Ina da aji ƙarfe goma sha ɗaya."

"Da ka tankaɗe mini toka, wace riga ka sa?"

"Ki gode mini dai. Ba don na tankaɗe ba, ina ƙwaron da ya cece ki zai fito?"

"Ƙwaron ya fi ka amfani. Shi zan aura. Shiga!"

Malam ya naɗe hannun riga, ya toshe hanci, ya rataya ciki a bakin ganga, ƙafafu suna reto a sama. 'Yan acaɓa suka ɗauki tafi. Ya fito da ledar a hannu, ganyen kabeji a kafaɗa, gwaiduwar ƙwai tun daga gwiwar hannu har agogo.

"Yau ka yi kyau," in ji Kaka. "Ka fi ranar da ka karɓi digiri."

Ba ta tsaya nan ba. A bakin titi akwai mai tuyar ƙosai, Kaka ta ce 'yata ɗan sam mini toka mai sanyi. Matar ta kwaso mata cike da murfin kwano, ba sitika, ba manaja. Tsohuwa ta zauna a kan dakali, ta farke ledar, ta tsince mai hujin ta yar, ta juye sauran a ɗankwalinta ta cuɗe da toka har ratsin ya ɓace. Sai a lokacin numfashinta ya daidaita.

Nathan ya tsuguna a gabanta. "Kaka, ban san na mamarki ba ne. Da na sani…"

"Yau kuma ni ce Kaka? Ina amaryar?"

Ya yi dariya yana share ido da bayan hannu. "Na sallama. Kin ci. Ni ne sakaran."

"Ai ba yau na sani ba. Matso."

Ta damƙo waken cike da hannu, da tokar da komai, ta ɗura masa a aljihun farar rigar, ta danna da tafin hannu har toka ta yi masa tambari a ƙirji.

"Haba amarya, rigar!"

"Bar ta haka ka shiga ajin. In sun tambaye ka, ka gaya musu amfanin toka, ka ga yau ka koyar da abu. Akwai fili bayan gidanku na malamai, na gani. Ka shuka jibi, ka kafa masa sanda." Ta ƙulle ɗankwalin ta miƙe tana dafa kafaɗarsa. "Daren jiya ban runtsa ba, ina tunanin a hannu ɗaya kawai yake, hannun kuma ya tsufa. Ni ba zan yi ta zuwa ina ƙwato shi ba, maigida."

Nathan ya dafe aljihun da hannu, bai kakkaɓe tokar ba. Ya tsayar mata da motar Kagoro, ya buɗe mata gaba.

"In ya yi 'ya'ya zan kawo miki sadaki da shi."

"Ka kawo da tokarsa," in ji ta, ta ja ƙofa. "In ka tankaɗe, ƙwaron nan yana nan yana jirana."