Jiniyar Haladu

Wani mutum ne, Haladu, wanda in ya buɗe baki sai ka rantse shi ya shimfiɗa titin Abuja. Kujerar kansila yake nema a garinsu, kuma ya cika wa mutane kunne wai a birni ba ya fita sai da jiniya. Dattawa suka ce sai sun gani da idonsu kafin su ba shi goyon baya.

Ranar da zai yi zama da dattawan, yana fitowa daga wani gidan mai a hanyar garin cikin 'yar jar motarsa, sai ga tirela ɗauke da taransifoma, ƙatuwa kamar ɗaki, ta cinye titin duka. Can gabanta motar rakiya ce, fitila na walƙiya, jiniya na wii-wii.

Haladu ya ga banza ta faɗi. Wuf! Ya kutsa tsakaninsu, ya kira ƙaninsa a waya.

"Sallau, fito da kowa bakin titi. Ga ni nan da jiniya!"

Masu rakiya suna ta yi masa hannu ya fita. Gogan naka sai ya ɗaga musu nasa a hankali, irin na manya.

Suka iso gari, jama'a maƙil. Daɗi ya kashe Haladu. Ya taka birki a tsakiyar titi, ya fito yana gyara babbar riga. Shi a tunaninsa tirela mai wannan uban nauyi keke ce, da an taɓa ta tsaya.

Fooom! Hon ya tashi, birki na ihu. Haladu ya waiga, ya ga ƙarfe na tahowa kansa. Ya yar da hula, ya daka tsalle. Tsundum cikin kwatami! Ƙwaram, bayan jar mota ya lotse.

Shugaban masu rakiya ya sauko yana huci. "Kai wane irin mutum ne? Tun daga gidan mai muke korar ka!"

Mai Unguwa ya leƙa kwatami, ya dubi mai rakiyar. "Ɗana, ba shi kuka rako ba?"

"Wa? Baba, taransifoma muka rako. Wannan a hanya ya liƙe mana."

Tsohon ya gyaɗa kai. "To ai sai mu zaɓi taransifomar. Ita ko banza za ta kawo wuta."