Gefen Bawa a Kwamfutar Uwargijiya

"Lafiya lau, bawana. Goge kujerar nan in zauna."

Bai ɗago daga wayar da yake jonawa ba. 'Yar kawunsa ce, mai ɗaukar hoto. Ta dire kwamfutarta a teburin gyaransa, tsakanin sukudireba da shayin da ya huce.

"Ke da kika girma a kan bokiti, yau kujera kike zaɓa? Me kika ɓata kuma?"

"Kai ne ɓarnar. Gefena ya cika maƙil, ko hoton sauro ba zai shiga ba. Ka matsa."

Tun yana ɗalibi, lokacin bai da ko linzamin kwamfuta, ya raba mata faifan ajiyar kwamfutar gida biyu: gefen Windows nata, gefen manhajar Linux nasa. Yanzu kwamfutoci uku gare shi, amma duk Asabar sai ya je gidan kawu duba aiki a gefensa. In gefen ya tafi, dalilin zuwan ya tafi.

"Rage faifai ba yankan albasa ba ne," in ji shi. "Sai an kwashe komai an adana, a matse nawa, sannan a ja naki. In wuta ta ɗauke a tsakiya, hotunan amarenki sun zama hayaƙi."

"Batirin cike yake."

"Kuma ayyukana masu nauyi ne. Ƙasashen waje na jira."

"Na shiga gefen naka jiya."

Hannunsa ya tsaya.

"Lambar sirrin ma ranar haihuwarka ce, raggo. Na zaga ko'ina. Gig ɗari biyu, babu komai sai wasan karta. Shi ma ba ka taɓa ci ba."

"Injiniya yana buƙatar fili ya yi tunani."

"Fili dai kusa da tukunyarmu."

Ya so ya ce abincin ne, ta ba shi hanya mai sauƙi. Sai dai ta kafe shi da ido, kuma ba dariya take ba. Ya jona babban faifansa na aljihu, ya kwashe hotunanta, ya buɗe taswirar faifan. Dogayen sanduna biyu, tata ja, tasa fara fes. Ya kai linzami kan tasa.

"Shi ke nan. In goge gaba ɗaya, ki huta."

"Wa ya ce ka goge?"

"Ba fili kike so ba?"

"Matsa na ce. Kunnen ma sai an gyara maka? Bar gig ashirin."

"Na me? Kin ce babu komai."

"Ni zan 'yanta bawa ba tare da Baba ya sani ba? Wa zai riƙa cinye mana ƙanzo ranar Asabar?"

Ya ja sandar a hankali har lambar ta tsaya a ashirin, ya danna. Dariyar ta ƙwace masa kafin ya shirya mata. Ya zare faifan aljihun, ya tura gabanta.

"Riƙe, uwargijiya. Kyauta."

"Ka kawo min gida da kanka," in ji ta. "Ni ba na ɗaukar kaya."