Ranar da Na Ce Ɗana na Maƙwabta Ne

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na yi musun ɗan cikina a gaban jama'a. Zamanin Turawa ne, ina ƙaramar mace a Kuyello, da goyon fari. A lokacinmu ɗan fari abin kunya ne: ba kya kiran sunansa, ba kya yi masa wasa, balle a gaban uwar miji.

To, sai gudawa ta kama yaron, har maɗigarsa ta faɗa. Ni da Inna, uwar mijina, muka ratsa daji da ƙafa har Birnin Gwari, wurin malamin asibiti, wani dattijo mai gajeren wando (ko gwiwarsa ban iya kallo ba).

Mata cike da rumfa. Ya duba yaron, ya ce, "Ina uwarsa? Yana kama nono?"

Ga Inna a gefena. Bakina ya riga hankalina: "Na maƙwabta ne, Malam."

Ban rufe baki ba yaron ya tsala kuka. Sai nono ya kawo, ya jiƙa zanena sharkaf, har yana ɗiga a ƙafata. Wata tsohuwa ta ce, "Ikon Allah, maƙwabtan Kuyello akwai zumunci." Rumfa ta kwashe da dariya. Na ji kamar in nutse.

Malamin ko murmushi bai yi ba. Ya ce wa Inna, "Iya, taimaka ki tafasa mana ruwa a baya." Sannan, idonsa a kan yaron, ya ce da ni, "Baiwar Allah, tunda uwarsa ba ta samu zuwa ba, shigo ki riƙe mana shi."

Ya saki asabari, ya ba ni baya yana haɗa magani. "Me uwar ta gaya miki? Yaushe ya fara?"

Nan na zazzage komai, ina "ta ce, ta ce", hawaye na zuba. Ya saurara har na gama. Ya ce, "Ki gaya mata ta yi ƙoƙari da ta kawo... da ta aiko shi da wuri. Kada ta daina ba shi nono."

Yaron ya tashi. Yau jikokinsa ke ɗebo mini ruwa.

Tun ranar na san mai magani na gaske yakan rufa wa mutum asiri kafin ya taɓa ciwonsa. Na kuma san in mai shayarwa za ta yi ƙarya, ta fara yafa mayafi mai kauri.